Takobin Kaka

Kwanan baya wani ɗan ƙanwata ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar, ya miƙo mini waya yana murmushi. Hoton takobi ne mai ɗan lanƙwasa, ƙotarsa naɗe da baƙin zare, an kwantar da shi a kan jan ƙyalle. Ya ce, "Kawu, katana ke nan, na Japan, na asali. Wani ne zai turo mini daga Legas, saura kaɗan kuɗin su cika." Na tambaye shi nawa, ya faɗa. Kuɗin ba su kai na tunkiya ba. Na ce masa ban taɓa jin inda aka sayi raƙumi da kuɗin tunkiya ba, sai dai in raƙumin na ƙasa ne, irin wanda muke ginawa muna yara. Sannan na tambaye shi ina takobin kakansa na wajen uba, wanda na san yana rataye a ɗakin tsohuwa a unguwar Hausari. Ya ɗan yamutsa fuska, ya ce, "Wannan mai tsatsar?"

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na san ba shi kaɗai ba ne. Ƙannena da 'ya'yana, sha'awar takobi ba laifi ba ce, ni ma ta kama ni tun kafin in fara aske gemu. Sai dai ni ta kama ni da jahilci, kuma na yi ɓarnar da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ina ɗan shekara 17 a lokacin. Jajibirin Babbar Sallah ne, gari ya ɗauki harama, ana ta wanke dawakin da za su bi Shehun Barno zuwa Idi. Na lallaɓa ɗakin kakana na zaro takobinsa daga bayan gado. Miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, da layuka uku da aka ƙwaƙule a tsakiyar ruwansa. Kusa da ƙota akwai wasu 'yan tambura biyu, kowanne siffar jinjirin wata mai fuskar mutum, sun juya wa juna baya. Ruwan ya yi duhu kamar gindin tsohuwar tukunya. Na ce a raina yau zan faranta wa tsoho. Na naɗe shi a buhu na kai wa wani mai washin wuƙaƙe a bakin kasuwa, ana ta layin masu wuƙar yanka rago. Da aka zo kaina ya ɗora shi a kan dutsen inji, tartsatsi na tashi, ni kuwa ina tsaye ina jin daɗi. Kafin a yi kiran azahar ya miƙo mini abu yana ƙyalli kamar sabon faranti. Layukan uku sun shafe rabi, bakin ya yi shuɗi-shuɗi a wurare biyu inda zafi ya ƙona shi.

Kakana ya karɓa, ya juya shi, ya sa babban yatsa yana shafa wurin da ke kusa da ƙota. Ya daɗe yana shafawa. Sai ya ce, "Ina watannin?" Bai zage ni ba, bai ɗaga hannu ba. Ya mayar da shi kube ya tura bayan gado. Garin neman gira na rasa ido. Bayan shekara biyu Allah ya yi masa rasuwa, kuma kunya ba ta bar ni na tambaye shi daga ina takobin ya fito ba, wa ya fara rataya shi, ko ya ga yaƙin Rabe ko bai gani ba. Ga ƙarfen nan har yau a wurina, amma ya zama bebe.

Sai da na girma na karanta yadda mutanen Japan ke yi da nasu, na gane girman abin da na aikata. Bari in ɗan tsaya a kansu, tunda su ne suka ɗauke muku hankali.

Japan ba ta da wadatar tama mai kyau. Baƙin yashi mai ƙarfe suke tarawa, su gina murhun laka da suke kira tatara, su yi kwana uku dare da rana suna zuba yashi da gawayi bi da bi, ana hura iska. Kusan tan 10 na yashi da tan 12 na gawayi ke shiga, a ƙarshe a rushe murhun a jawo dunƙulen ƙarfe mai nauyin wajen tan biyu da rabi. A cikinsa ake tsinto ɓangaren da ya fi kyau, shi ne tamahagane. Sana'ar ta mutu bayan yaƙin duniya na biyu, sai a 1977 aka sake kunna irin wannan murhu a lardin Shimane, kuma sau 'yan kaɗan ake hura shi a shekara, lokacin sanyi. Maƙeri zai ɗauki gutsattsarin ya gasa, ya buga, ya ninke, ya sake bugawa, sau goma zuwa goma sha biyar. Mai lissafi a cikinku ya gwada: in kowace ninkewa tana ruɓanya ta baya, ninki 15 zai ba da shimfiɗa 32,768. Masu fim sun mai da wannan wani siddabaru. Ba siddabaru ba ne, dabarar mai ƙaramin ƙarfi ce. Ƙarfen nasu gauraye yake, wani wuri tauri wani wuri laushi, ga datti, dole sai an cuɗa shi kamar yadda ake kirɓa fura kafin ya zama abu ɗaya. Kakanninmu ma sun narka tama a murhun laka, an tono alamun haka a gindin Dutsen Dala tun na wajen ƙarni na 7.

Inda aikin ya fi ba ni sha'awa shi ne wurin ba wa ƙarfe ruwa. Maƙerin zai shafe ruwan takobin da laka, mai kauri a baya, siririya a baki. Zai kashe fitila, domin da ido yake auna zafi, da launin da ƙarfen ya yi cikin duhu. Sai ya tsoma a ruwa. Bakin da ke da siririyar laka ya huce nan take ya yi tauri, bayan ya huce a hankali ya zauna da laushinsa. A cikin waɗannan 'yan daƙiƙu ne takobin ke ƙara lanƙwasa da kansa, a cikinsu ne kuma wani kan tsage, aikin makonni ya tashi a banza. Iyakar da ke tsakanin taurin da laushin ita ke fitowa kamar farin gajimare a tsawon baki, ita suke kira hamon. Masana kan dube ta su faɗi gidan maƙeran da takobi ya fito, kamar yadda tsohon baduku zai dubi ɗinkin kube ya ce wannan hannun Agadas ne. Wanda ɗan ƙanwata ke shirin saye, na ƙara girman hoton na duba, gajimarensa ya jeru daidai wa daida kamar haƙoran zarto. Da inji ko da ruwan guba aka zana shi a saman ƙarfen cokali. Irin wannan na ado ne kawai, in ka kaɗa shi da ƙarfi ruwan na iya ficewa daga ƙota ya sami wanda tsautsayi ya ratsa.

Ba mutum ɗaya ke gama takobi ba. Mai gogewa daban, kuma yakan shekara goma yana koyo kafin a sakar masa ruwan takobi mai daraja. Yakan yi mako biyu ko uku a kan guda ɗaya, daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi, har ya ƙare da 'yan ɓarɓashin dutse sirara da yake dannawa da babban yatsa. Mai kube daban, mai naɗin ƙota daban. Shi kansa maƙerin sai ya yi shekara biyar a hannun ubangida kafin hukuma ta ba shi izini, kuma ba a yarda ya ƙera dogayen takubba fiye da biyu a wata ba. Ku auna wannan da kuɗin tunkiya.

Amma abin da nake so ku riƙe ba ya cikin ƙyallin. A ƙotar takobin Japan akwai wani ɗan tsinken gora da ke riƙe da ruwan. In aka ture shi, ƙota ta fita, sai wutsiyar ƙarfen ta bayyana. A nan maƙeri yake sassaƙa sunansa, wani lokaci har da garinsu da shekarar da ya yi aikin. Wannan wutsiya ba a goge ta. Shekara ɗari biyar za ta yi da tsatsarta, ba mai kai mata dutse, domin launin tsatsar shi ne shaidar shekarunta. Wanda ya kankare ta ya zubar da mafi yawan darajar takobin. Mutanen da suka fi kowa iya goge ƙarfe a duniya, su ne suka fi kowa sanin inda ba a gogewa. Kuma da yake an daɗe ana buga sunayen manyan maƙera a kan aikin da ba nasu ba, sai aka sami gidan Hon'ami da suka gaji duba takubba suna rubuta takardar shaida, ɗa bayan uba, ƙarni bayan ƙarni. Masamune, wanda ya yi zamani a ƙarshen ƙarni na 13 zuwa farkon na 14, kuma ake ganin ba a yi kamarsa ba, da wuya ake samun aikinsa da sa hannu. Da idon masana da takarda ake gane shi.

Kada ku ɗauka su ba su yi asara ba. A 1876 gwamnatinsu ta hana yawo da takobi, maƙera da yawa suka koma ƙera wuƙar kicin da almakashi. A 1945 sojojin Amurka suka sa aka tattara takubba, aka narka wasu, aka zuba wasu a teku, sojoji suka tafi da wasu gida tsaraba. Wani shahararren takobin Masamune na gidan sarautar Tokugawa, a watan Disambar wannan shekara aka miƙa shi ofishin 'yan sanda a Tokyo, har yau ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ganin haka ne ya sa a 1948 masu kishin abin suka kafa ƙungiyar adana takubba, wadda har yanzu ita ke ba da takardar da masu tarawa suka fi yarda da ita. Ko wanda ya ɓata ɗin, an san tsawonsa, an san hannun da ya bi. Namu in ya ɓata, ya ɓata da labarinsa.

To mu me muke da shi? Fiye da yadda kuke zato. Wannan gari na Yerwa yaro ne, a 1907 Shehu Garbai ya tare a cikinsa, amma kayan da mutane suka shigo da su sun girme shi nesa ba kusa ba. Sun zo daga Kukawa, daga Dikwa, wasu ma ƙila tun daga Ngazargamu. Lokacin da Turawa 'yan yawon bincike, Denham da Clapperton, suka iso Kukawa a watan Fabrairun 1823, abin da ya fara razana su shi ne mahayan Shehu Laminu sanye da sulke daga wuya har gwiwa. Barebari na ce wa takobi kashagar, mu kuma a tsohuwar Hausa akwai kansakali, kuma kowane iri da sunansa: fatefate mai faɗi, bisalami mai lanƙwasa, dunhu wanda ba zane a jikinsa, tamogashi mai layi uku, irin na kakana. A nan Barno iri biyu suka haɗu. Akwai na yamma, irin na Hausawa da Buzaye, mai faffaɗar makarin hannu da ake lulluɓewa da fata ko tagulla. Akwai na gabas, irin na Sudan da Wadai, mai siririn makari na ƙarfe kamar sanda a gicciye, kubensa kuma yana buɗewa kusa da ƙarshe kamar ganye. Irin na biyun shi ne na ƙasar da Rabe ya fito, wanda ya ci Kukawa a 1893, Faransawa suka kashe shi a Kusuri ranar 22 ga Afrilun 1900. Saboda haka siffar ƙota kaɗai tana iya nuna maka ta wace hanya takobi ya shigo gidanku.

Akwai wata gaskiya da wasu ba sa son ji. Da yawa daga cikin ruwan takubban da muke taƙama da su ba a nan aka ƙera su ba. Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ruwan takobi kusan 50,000 ke shigowa kasuwar a shekara, kuma kusan duk wanda ya gani daga Solingen ta ƙasar Jamus yake. A Kano ake sa musu ƙota da kube, daga nan su bazu zuwa Azbin da Nupe da Barno. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Ku dubi tafiyar da ƙarfen ya yi: daga maƙerar Jamus zuwa jirgin ruwa, zuwa Tarabulus, sannan watanni a bayan raƙumi cikin Sahara. Da ya iso, maƙerin baƙi ya gyara shi yadda hannunmu ke so, maƙerin fari ya yi masa ado da tagulla ko azurfa, baduku ya ɗinka kube da jar fata da tsanwa, wani ya kitsa hamilar ratayawa. Aikin hannu huɗu ko biyar ne, kamar dai na Japan. Kuma maƙeranmu sun ƙera nasu ruwan, har suna buga tambarin watan nan su ma, domin masu saye sun saba ganinsa a kan mai kyau. Don haka ganin wata ba ya tabbatar da cewa daga Jamus yake. Sai masani ya dubi zurfin tambarin, da tsabtar layukan, da yadda ruwan ke lanƙwasa ya koma daidai. Duk waɗannan su ne na ba mai washi ya cinye a cikin rabin sa'a.

Inda aka riƙe labari kuwa, ku ga yadda ƙarfe ke zama dukiyar gari guda. Gajere na Katsina, wanda ake cewa da shi Korau ya yanka Sanau, har yau yana cikin kayan sarauta. A Daura ana nuna takobin da ake dangantawa da Bayajida da macijiyar Kusugu. Wani masani mai suna Bivar ya bi fadojin Arewa ya duba irin waɗannan, ya fitar da littafi a kansu a 1964. Da a ce an tsinci Gajere a kasuwar 'yan gwangwan ba wanda ya san shi, da kilo za a auna shi.

Saboda haka in akwai tsohon takobi a gidanku, fara da tsohon da ke gidan kafin ƙarfen. Ka sayi goro ko turare, ka zauna gaban Kaka ko Baba ko Gwaggo, ka tambaya: na wa ne, wa ya ba shi, daga wane gari aka zo da shi, an taɓa sake masa kube, wane hawa aka yi da shi. Ka ɗauki muryarsu a waya, sannan ka rubuta a takarda, domin waya na faɗawa ruwa. Ko sun ce "an ce", rubuta da "an ce" ɗin, kada ka ƙara gishiri. Na sha jin takobin da ya "kashe mutum ɗari a yaƙin Rabe", in ka duba sai ka tarar da sifirin ɗin mota aka ƙera shi, shekarunsa ba su kai na mai ba da labarin ba. Ƙarya ɗaya tana sa a ƙi gaskiya goma da ke tare da ita.

Shi kuwa ƙarfen, abin da yake bukata kaɗan ne. Tsatsa iri biyu ce. Baƙar da ta kwanta lumui ta zama fatar ƙarfen, kariya ce, a bar ta. Ja mai gari-gari, wadda ke ɓata yatsa, ita ce mai ci. A ɗiga mata man keken ɗinki, a bar shi ya kwana, a goge da tsumma mai laushi, a maimaita har ta daina fita. Ba samfefa, ba toka da lemun tsami, ba dutsen washi, ba baƙin mai. Kada a riƙe ruwan da hannu tsirara, gumin yatsa kan bar tambarinsa. Kube ko ya tsufa ya yayyage kada a jefar, sau da yawa shi ne ke faɗin garin da aka yi aikin. A riƙa zaro takobin ana dubawa, musamman da damina, don fata na riƙe laima. Wanda ya ga abin da ruwan madatsar Alau ya yi mana a watan Satumbar 2024, lokacin da ya shiga Gwange da Kasuwar Litinin har fadar Shehu, ya san abin da nake nufi. Na ga wani takobi da ya yi sati uku cikin jiƙaƙƙen kube bayan ruwan ya janye, mutanen gidan na ta fama da katifu da buhunan hatsi, ba wanda ya tuna da shi. Da aka zo zarewa ya ƙi fita. Sai da aka farke ɗinkin, aka tarar da ruwan takobin ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana.

Maganar sayarwa kuwa, na san halin da ake ciki, ba zan ce wa mai jin yunwa ya rungumi ƙarfe ya kwana ba. Amma ku sani dillalin da ya shigo lungunku yana tambayar "tsofaffin kaya" ya san abin da ba ku sani ba, kuma farashin da ya faɗa da farko ba shi ne a ransa ba. Ku sani kuma akwai doka tun 1979, wadda ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Kayan hannu na gida da aka yi kafin 1918 suna ƙarƙashinta, ba a sayar da su sai ga wanda hukumar ta amince wa, ba a kuma fita da su ƙasar waje sai da izini. Akwai gidan tarihi a garin nan, ku je ku nemi shawara kafin ku yi cinikin da ba a warwarewa. Sai dai ku ɗauki hoto ku kai, kada ku ɗauki takobin. Garin da ya ga tashin hankalin da ya gani tun 2009 ba wurin da saurayi zai ratsa shingen sojoji da takobi a buhu ba ne, yana cewa ai na kakana ne.

In kuma ƙirar ce ke burge ku, ba sai kun je Shimane ba. Ku nemi maƙera a kasuwannin garin nan, ku yi sallama ku tsuguna gefe. Ku dubi yadda tsoho ke kallon launin ƙarfe kafin ya tsoma bakin gatari a ruwa, ba agogo ba ma'auni, yaro na ta fama da zugazugi. Ilimin da kuke yi wa tafi a waya, reshensa ne wannan, sai dai shi namu ba wanda ya taɓa tambayarsa sunan wanda ya koya masa.

Ɗan ƙanwar nan tawa ya dawo bayan kwana huɗu, hannunsa riƙe da littafin makaranta mai shafi 40. Ya je Hausari. Tsohuwa ta ce ba za ta yi magana da waya a gabanta ba, sai ya rubuta da biro. Ya cika shafi uku, ciki har da sunan wani gari a hanyar Dikwa da bai taɓa ji ba, da labarin wata rigima a kan gado da ta sa takobin ya bar hannun wa ya koma na ƙane. Ya nuna mini hoton da ya ɗauka kusa da ƙota, ƙarƙashin duhun akwai wani abu kamar dabba tana gudu. Ya ce, "Kawu, kare ne ko kura?" Na ce ya kawo mini tabarauna daga ɗaki, in ya fito kuma ya biya wurin tela ya roƙo mana ɗan man keke.